Majalisa ta takwas: Shekara huɗun da kujera ɗaya ta hana Gana barci

Tun da aka dawo mulkin farar hula a Gana a Janairun 1993, jam'iyyar da ta ci shugaban ƙasa ita ce ke zuwa da kujeru mafi yawa a majalisar dokoki. Zaɓen 7 ga Disamba, 2020 ne ya karya wannan al'ada. Nana Akufo-Addo ya zarce a kan mulki, amma da aka ƙirga kujerun majalisa 275, sai ga NPP da 137, NDC ma da 137. Kujera ɗayan da ta rage tana hannun Andrew Asiamah Amoako na mazaɓar Fomena a yankin Ashanti, mutumin da ya tsaya takara da ƙashin kansa bayan ya ɓata da jam'iyyarsa ta NPP.

A Najeriya kowace jiha tana da majalisarta, ta Kano ma kaɗai wakilai 40 gare ta. Mu nan yankunanmu 16 babu mai majalisar yin doka, ministan yanki kuma shugaban ƙasa ne ke naɗa shi. Saboda haka duk dokar da za ta shafi mai sayar da hatsi a kasuwar Aboabo, ko malamin makaranta a nan Kanvili, daga zaure ɗaya take fitowa, can Ankara, babban birnin ƙasa. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi wannan majalisa ta takwas, wadda ta zauna daga 7 ga Janairu, 2021 zuwa 6 ga Janairu, 2025, mu ga su wa suka zauna a cikinta, su wa suka ja ragamarta, kuma wa ke da ikon ɗora su ko sauke su. Amsar tambayar ƙarshen nan ta taɓa mu a Tamale fiye da kowa.

Daren da sojoji suka shiga zaure

Rigima ta fara tun kafin a rantsar da kowa. A daren 6 ga Janairu, 2021, 'yan NDC suka riga zuwa, sanye da fararen kaya, suka zauna a ɓangaren da aka saba bar wa masu rinjaye. Aikin farko shi ne zaɓen kakakin majalisa ta ƙuri'ar sirri, akawun majalisa Cyril Nsiah ne ke jagorantar zaman. NPP ta sake tsayar da Farfesa Aaron Mike Oquaye, NDC ta kawo Alban Bagbin, tsohon wakilin Nadowli-Kaleo wanda ya yi shekara 28 a zauren.

Duk wanda ya kwana gaban talabijin a daren nan ba zai manta ba. Aka yi ta ja-in-ja kan ko a nuna ƙuri'a ko a ɓoye, aka yi fatali da rumfar jefa ƙuri'a, har sojoji ɗauke da makamai suka shigo zauren. Da gari ya waye ana cikin ƙirga, sai Carlos Ahenkorah na Tema ta Yamma ya wafci takardun ƙuri'a ya zura da gudu. Wanda ya bi shi a guje shi ne Muntaka Mubarak na Asawase. Alƙaluman da aka bayar a ƙarshe sun ce Bagbin 138, Oquaye 136, ƙuri'a ɗaya ta lalace. NDC fa 137 gare ta, ka ga ke nan akwai wanda ya tsallako daga ɗaya ɓangaren a asirce. A karon farko a Jamhuriya ta Huɗu, kakakin majalisa ya fito daga jam'iyyar adawa.

Su wa suka riƙe ragama

Asiamah na Fomena ya bayyana cewa da NPP zai yi aiki, sai kakaki ya yanke cewa su 138 ɗin nan su ne ɓangaren masu rinjaye. Sashe na 96 na kundin tsarin mulki ya hana mataimakan kakaki biyu su fito daga jam'iyya ɗaya. To da yake Asiamah a takarda ba shi da jam'iyya, sai aka ba shi mataimaki na biyu, Joseph Osei-Owusu na Bekwai, ɗan NPP, ya zama na ɗaya. NDC ta sami kakaki, ta rasa mataimaka duka biyun.

A ɓangaren masu rinjaye, Osei Kyei-Mensah-Bonsu na Suame ne shugaba, Alexander Afenyo-Markin na Effutu mataimakinsa, Frank Annoh-Dompreh kuma babban mai tsawatarwa. Habib Iddrisu na Tolon, maƙwabcinmu, yana cikin mataimakan mai tsawatarwa. A ɓangaren marasa rinjaye, shugaba namu ne na gida, Haruna Iddrisu na Tamale ta Kudu, wanda ke majalisa tun 2005, yake kuma riƙe da wannan muƙami tun 2017. James Klutse Avedzi na Ketu ta Arewa ne mataimakinsa, Muntaka Mubarak babban mai tsawatarwa.

Mai tsawatarwa, ga wanda bai sani ba, shi ne makiyayin 'yan jam'iyya a zaure. Shi ke sanin wanda ya zo da wanda ya yi tafiya da wanda ke kwance asibiti, shi ke tabbatar da kowa ya jefa ƙuri'a inda jam'iyya ta nuna. A majalisun baya aikin ba ya tayar da hankali sosai, don in mutum goma sun yi fashi akwai rarar da za ta rufe. A wannan karon babu rara ko ta mutum ɗaya.

Yankinmu na Arewa ma haka ya rabu gida biyu daidai wa daida: kujera 18, tara NPP, tara NDC. Mazaɓun birnin Tamale duka NDC ta ɗauka. Ban da Haruna akwai Ibrahim Murtala Mohammed a Tamale ta Tsakiya, Alhassan Suhuyini a Tamale ta Arewa, da A.B.A. Fuseini a Sagnarigu. NPP kuma ta riƙe wurare irin su Yendi da Farouk Aliu Mahama, Karaga da Mohammed Amin Adam, Gushegu da Hassan Tampuli, Bimbilla da Dominic Nitiwul, ministan tsaro. A zangunan Ankara, Naser Toure Mahama ne ya wakilci su Nima a Ayawaso ta Gabas, Yussif Jajah kuma su Mamobi a Ayawaso ta Arewa. Mata 40 ne kacal a duk zauren, su ma 20 nan, 20 can.

Lissafin 138

Tsarin mulki ya ce ba a yanke hukunci a majalisa sai aƙalla rabin wakilai suna zaune, wato mutum 138. Kakaki ba shi da ƙuri'a, kuma in aka yi kunnen doki, ƙudurin ya faɗi. Sannan sashe na 78 ya wajabta a ɗauko mafi yawan ministoci daga cikin majalisa, ga shi minista kullum yana ofis ko yana kan hanya. Haɗa waɗannan uku, za ka gane halin da gwamnati ta shiga.

Abin ya fito fili ne a kasafin kuɗin 2022. Ranar 17 ga Nuwamba, 2021, ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya gabatar da shi, a ciki har da sabon harajin E-Levy, kashi 1.75 cikin ɗari a kan kuɗin da ake turawa ta waya. Ranar 26 ga wata masu rinjaye suka fice daga zaure, 'yan adawa 137 suka yi watsi da kasafin. Bayan kwana huɗu, Bagbin ya tafi duba lafiyarsa, Osei-Owusu ya hau kujerar kakaki, ya ƙirga da kansa don a cika 138, aka soke hukuncin farko, aka amince da kasafin. Ranar 20 ga Disamba da daddare, da ya nemi ya jefa ƙuri'a a kan batun E-Levy alhali shi ke jagorantar zama, sai zaure ya rikiɗe ya zama filin dambe, manya da 'ya'ya da jikoki suna kai wa juna naushi a gaban kyamara.

Kotun Ƙoli ce ta raba gardamar ranar 9 ga Maris, 2022, ta ce mataimakin kakaki yana da ƙuri'arsa ko da shi ke jagorantar zama. Ranar 29 ga Maris aka zartar da harajin a kan kashi 1.5, bayan Haruna ya ja mutanensa sun fice. 'Yan adawa sun ce adadin bai cika ba, suka garzaya kotu, kotu ta ƙi dakatar da harajin. Ya fara aiki ranar 1 ga Mayu, aka ware sidi ɗari na farko a kowace rana daga cirewa. Mu da 'yan'uwa ke turo wa kuɗin cefane ta MoMo daga Kumasi da Ankara, a aljihunmu muka ji sakamakon wannan lissafi.

A tsawon wannan rikici sunaye biyu ne suka fi yawo a bakin jama'a, kuma ba don wani jawabi da suka yi ba. Sarah Adwoa Safo ta Dome-Kwabenya, 'yar NPP, ta yi watanni a Amurka, rashinta ya mayar da 138 ya koma 137. James Gyakye Quayson na Assin ta Arewa, ɗan NDC, shi kuma shari'a ce ta sa shi gaba kan takardar zama ɗan ƙasar Kanada da aka ce bai gama ajiyewa ba lokacin da ya shiga takara. A Afrilun 2022 Kotun Ƙoli ta hana shi zama a majalisa, a Mayun 2023 ta ce a goge sunansa. Aka yi zaɓen cike gurbi ranar 27 ga Yuni, 2023, mutanensa suka sake maido shi. Mutuwa ma ta taɓa zauren: Philip Basoah na Kumawu ya rasu a Maris 2023, John Kumah na Ejisu a Maris 2024. NPP ta riƙe kujerun biyu, lissafi bai canja ba.

Wasiƙar da ta girgiza Tamale

Ranar 24 ga Janairu, 2023, majalisa tana hutu, sai labari ya ɓulla cewa babban sakataren NDC, Fifi Kwetey, ya rubuta wa kakaki wasiƙa. An sauke Haruna Iddrisu, an ɗora Cassiel Ato Forson na Ajumako-Enyan-Essiam. An sauke Avedzi, an ɗora Emmanuel Armah-Kofi Buah na Ellembelle. An sauke Muntaka, an ɗora Governs Kwame Agbodza na Adaklu. Sabon shugaban jam'iyya, Johnson Asiedu Nketiah, wanda aka zaɓa a Disambar 2022, ya bayyana dalilinsu: yaƙin zaɓen 2024 a kan tattalin arziki da makamashi da ayyukan gine-gine za a yi shi, su ukun nan kuma fagensu ke nan.

A Tamale bayanin bai shiga kunne ba. Magoya bayan Haruna suka yi cincirindo a ofishin jam'iyya suna neman a janye wasiƙar, a Asawase ma aka tayar da jijiyar wuya. A majalisun shayi na unguwarmu da ƙofar masallatai, kwana da kwanaki ba a wata hira sai wannan. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne mutumin da ya jagoranci 137 suka ƙwace kujerar kakaki, suka ja harajin E-Levy ya yi wata huɗu bai wuce ba, shi ne aka sauke da takarda ɗaya. Wasu kuma ta fuskar addini suka kalli abin, tunda Haruna da Muntaka su ne Musulmin da suka fi kowa fice a sahun gaba na 'yan adawa. Ba a manta ba, lokacin da aka hana wata ɗaliba azumi a makarantar Wesley Girls ta Cape Coast a Ramadan ɗin 2021, Muntaka yana gaba-gaba cikin wakilai Musulmi da suka bi kadin maganar.

A cikin 'yan majalisar NDC kansu aka rabu, wasu suka sa hannu a takardar koke cewa ba a shawarce su ba, wasu suka sa hannu a ta goyon baya. Majalisar dattawan jam'iyya, ƙarƙashin Alhaji Mahama Iddrisu, ta shiga tsakani, aka yi sulhu, amma wasiƙar ba ta tashi ba. A nan ne na fahimci bambancin kujera biyun da Haruna ke kai. Ta Tamale ta Kudu jama'a ne suka ba shi, babu mai karɓewa sai su. Ta shugaban marasa rinjaye kuwa aron jam'iyya ce, zanen aro kuma ba ya rufe katara.

Bayan wata biyu sabon shugabancin ya gamu da jarrabawarsa ta farko. Jam'iyya ta ba da umarni a ƙi amincewa da sababbin ministoci shida da Akufo-Addo ya naɗa. Ranar 24 ga Maris, 2023, aka yi ƙuri'ar sirri, duka shidan suka tsallake, har da Amin Adam na Karaga. Bryan Acheampong ma ƙuri'a 167 ya samu, alhali ɓangarensa ba su wuce 138 ba ko da kowa ya zo. Ƙuri'ar sirrin da ta yi wa NDC rana a 2021, ita ce ta kunyata ta a 2023. Hedikwata tana iya naɗa shugaba da wasiƙa, amma ba ta bin mutum cikin rumfar ƙuri'a.

Abin da ya ci Doma kuma bai bar Awe ba. Tun a Oktoban 2022 gungun 'yan majalisar NPP suka fito fili suna neman a kori Ofori-Atta, amma da 'yan adawa suka kawo ƙudurin tsige shi ranar 8 ga Disamba, sai masu rinjaye suka fice, ƙuri'a 136 ta kasa kai kashi biyu cikin uku da ake buƙata. Sai a Fabrairun 2024 shugaban ƙasa ya sauya shi da Amin Adam. A wannan watan ne dai jita-jitar sauke Kyei-Mensah-Bonsu ta yi ƙarfi. Osei-Owusu ya fito gaban 'yan jarida ya ce wakilai ba su da niyyar canja shugabansu, kuma su ke da hurumin zaɓa. Washegari, 21 ga Fabrairu, bayan ganawa a fadar shugaban ƙasa, Kyei-Mensah-Bonsu, wanda ke majalisa tun 1997, ya ajiye muƙamin, Afenyo-Markin ya hau. Cikin wata goma sha uku jam'iyyun biyu sun canja shugabanninsu na zaure, kuma duka biyun daga wajen zaure aka yanke shawarar.

Kujeru huɗu a ƙurarren lokaci

Wani abin lura shi ne, rikicin ƙarshe na wannan majalisa daga hannun Haruna ya taso, lokacin yana zaune a sahun baya ba shi da wani muƙami. A Oktoban 2024 ya kai koke gaban kakaki a kan wakilai huɗu da suka shiga takarar zaɓe mai zuwa a ƙarƙashin wata tuta daban: Cynthia Morrison ta Agona ta Yamma da Kwadwo Asante na Suhum, 'yan NPP da suka tsaya da ƙashin kansu, Peter Kwakye-Ackah na Amenfi ta Tsakiya, ɗan NDC da ya yi haka shi ma, da Asiamah na Fomena da ya koma takara a NPP. Hujjarsa sashe na 97, wanda ya ce wanda ya bar jam'iyyar da aka zaɓe shi a cikinta ya rasa kujerarsa. Da wannan sashen ne Oquaye ya raba Asiamah da kujerarsa a Nuwamban 2020.

Ranar 17 ga Oktoba Bagbin ya ayyana kujerun huɗu a matsayin babu kowa a kansu. Nan take lissafi ya juye, NDC 136, NPP 135. Washegari Kotun Ƙoli ta dakatar da hukuncin. Ranar 22 ga wata ɓangarorin biyu kowa ya ce shi ne mai rinjaye, 'yan NDC suka zauna a kujerun masu rinjaye kamar yadda suka yi daren farko, 'yan NPP suka ƙi shiga, kakaki ya ɗage zama sai yadda hali ya yi. Ranar 12 ga Nuwamba alƙalai biyar cikin bakwai suka ce hukuncin kakaki ya saɓa wa tsarin mulki. Kafin nan aiki ya riga ya tsaya cik, har kasafin wucin gadi na biyan albashi a wata ukun farko na 2025 bai samu wucewa ba sai a kwanakin ƙarshe na majalisar.

Me ta bari a baya?

Duk da dambe da ficewa, an yi aiki. A Yulin 2023 majalisa ta cire hukuncin kisa daga dokar manyan laifuka, bisa ƙudurin Francis-Xavier Sosu na Madina. A watan dai ta zartar da dokar hana yi wa mutane ƙazafin maita, batun da ya shafi Arewa kai tsaye tun bayan kisan gillar da aka yi wa tsohuwa Akua Denteh a Kafaba a 2020, sai dai shugaban ƙasa bai sa mata hannu ba. Haka dokar hana luwaɗi da maɗigo da aka zartar ranar 28 ga Fabrairu, 2024, ta mutu a kan tebur ba sa hannu. Dokar ƙara wa mata gurbi a muƙaman gwamnati kuwa ta wuce a Yulin 2024, ta kuma zama doka. Akwai kuma tabon da ba zai gogu ba: mutanen Santrokofi da Akpafu da Lolobi da Likpe sun yi shekara huɗun nan cur ba su da wakili ko ɗaya, sai a zaɓen 2024 aka ba su mazaɓar Guan, kujeru suka zama 276.

Zaɓen 7 ga Disamba, 2024 ya kawo ƙarshen kunnen doki. NDC ta haura kujera 180, Bagbin ya koma kujerarsa, Afenyo-Markin ya zama shugaban marasa rinjaye. Ato Forson ya zama ministan kuɗi, a hannunsa aka soke E-Levy a 2025. Haruna ya zama ministan ilimi, Muntaka na harkokin cikin gida. Murtala Mohammed, wanda aka ba ma'aikatar muhalli, ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu ranar 6 ga Agusta, 2025, Allah ya ji ƙansa da rahama.

Mun yi makonni muna fushi a kan muƙamin da ba da mu aka ba da shi ba, ba kuma da mu aka karɓe ba. Amma mu nawa ne muka taɓa tambayar wakilinmu zama nawa ya halarta, ko a wane kwamiti yake, ko ina ya tsaya ranar da aka kawo harajin da ya taɓa kuɗin cefanenmu? Majalisar takan wallafa sunayen waɗanda suka zo da waɗanda suka yi fashi a kowane zama, ta kuma rubuta abin da kowa ya faɗa a zaure. Yanzu da ɓangare ɗaya ke da rara mai yawa, mai tsawatarwa ba zai riƙa kwana yana ƙirga kawuna kamar da ba, fashin mutum ɗaya ba zai hau kanun labarai ba. In wakili ya zo gaisuwar suna ko ta'aziyya a unguwa, bayan an gama addu'a, sai mu tambaye shi waɗannan abubuwa, mu kuma riƙe amsarsa zuwa Disambar 2028.